Ramukan Malam Sila

Abuja, 12 ga Fabrairu, 2024

Mama Rachael,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ya jiki, ya ƙafar nan, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Ni lafiyata lau. Mahaifiyata ta bugo daga Jos ta ce in gaishe ki, wai har yanzu takan nemo lambar yayanta a waya kafin ta tuna. Na san kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na ba Lawwali direba wannan takarda.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Kawu Sila, ina jin nauyin in zo miki da roƙo, amma ga shi. Kin sha tambayata aikin me nake yi, in yi ta kame-kame. To, kwamfuta muke koya wa lissafi. Ba da baki muke koya mata ba, littattafan makaranta muke ba ta. Ana ɗaukar hoton kowane shafi, ita kuma ta bi ta tsince ƙa'idoji da misalan da aka warware, yadda kike tsince wake, ta tara su wuri ɗaya. In aka kawo mata tambayar da ba ta taɓa gani ba, sai ta koma wannan rumbu ta ɗauko ƙa'idar da ta dace ta yi aiki da ita.

Matsalar ita ce duk littattafan da muka ba ta na Turanci ne. Ta san jirgin ƙasa da ya tashi daga wani gari da ba mu taɓa ji ba, amma ki tambaye ta damin dawa nawa zai cika rumbu, sai ta tsaya tana inda-inda. Nan na tuna littafin da Kawu ya rubuta wa ɗalibansa da Hausa. Ni a bariki na tashi, ban taɓa zama ajinsa ba, amma duk zuwan da muka yi Kirsimeti ina ganinsa kan tebur. In yana nan, ki ara mini shi. Zan so a ce hannun Kawu yana cikin wannan aiki.

'Yarki,
Keziah

*

Zuru, 20 ga Fabrairu, 2024

'Yata Keziah,

Na karɓi takardarki. Ina lafiya, ko in ce babu inda ke mini ciwo. Ina ci, ina barci, ina zuwa sujada. Matan zumuntar majami'a sukan zo su yi kuka, ni in ba su ruwa su sha. Keken ɗinkina yana nan rufe da zane tun ranar jana'iza.

Kin ce kwamfuta za ta koyi lissafi. To, Allah ya ba ku sa'a. Shekara talatin da ɗaya kawunki yana fama da 'ya'yan mutane masu kunne bibbiyu, bai gama ba ya tafi.

Ga littafin nan na naɗe a cikin ɗankwali. Shi kaɗai ya rage. Waɗanda ya buga ya raba wa yara an daɗe da naɗe ƙosai da su, wannan nasa ne na kansa da ya kai aka ɗinke masa. Ni lissafin da ke ciki bai dame ni ba, ban taɓa karanta ko layi ɗaya ba.

Abu ɗaya zan faɗa miki. Akwai hannun ɗana Gabriel a ciki. Kin san ba a kawo mana shi ba, can inda ya faɗi aka binne shi, akwatin da sojoji suka kawo takalma ne da bargo a ciki. Bai taɓa rubuto mini wasiƙa ba, waya yake bugowa, waya kuwa ba ta ajiye komai. Littattafan makarantarsa gara ta cinye. Wannan ne kawai wurin da zan sa yatsa in ce nan hannunsa ya bi. Duk Lahadi in na dawo sujada nakan buɗe in duba, shekara takwas ke nan. Ba kuka nake yi ba, dubawa kawai nake yi in rufe.

Ki maido mini shi yadda na ba ki.

Mamarki,
Rachael Sila

*

Abuja, 4 ga Maris, 2024

Mama,

Ina gaisuwa, ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Littafi ya iso lafiya, har da ƙanshin ɗakinku. Na gode, na gode.

Ina buɗe bango na ga hannun Yaya Gabriel. Sojan nan da ya zana da biro, da bindigar da ta fi shi tsawo! Ashe tun yana ƙarami abin yana ransa. Na daɗe ina kallo.

Ga abin da nake neman izininki a kai. Injin da ke ɗaukar hoton takardu ɗaya bayan ɗaya yake jan su, don haka sai an kwance ɗinkin littafi. Kuma Malam Zakiyyu, mai kula da injin, ya ce bakin takardun ya tsufa ya yi geza, inji zai tauna su, sai an datse kamar faɗin yatsa biyu. Lissafin ba abin da zai taɓa shi. Na ga 'yan sunaye da fensir a gefen wasu shafuka, ina jin na masu aron littafin ne. Bangon kuwa da hannuna zan cire in adana, ko ƙuda ba zai sauka kan zanen Yaya ba. In an gama in kai a sake ɗinke miki shi, ya fi da kyau.

Ba zan bari a taɓa shi ba sai na ji daga gare ki.

Keziah

*

Zuru, 2 ga Afrilu, 2024

'Yata,

Ina lafiya. Zafi ya yi yawa, rijiyarmu ta ja baya. Akuyar nan ja ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Ga daddawa da kuka na ba Lawwali ya kawo miki.

Na ga kamar na tsananta miki a waccan takarda. Kada ki ji nauyina. Ki yi wa littafin abin da aikinku yake bukata, ni ba sauri nake yi ba. Ba inda za ni.

Mamarki

*

Abuja, 29 ga Afrilu, 2024

Mama,

Gaisuwa da fatan alheri. Daddawa ta iso, maƙwabciyata har ta fara yi mini fara'ar da ba ta saba ba. Na gode kuma da kika yarda. Washegarin da takardarki ta zo aka yi aikin, bango yana cikin akwatina.

Da farko komai ya tafi daidai. Kwamfuta ta tsinci ƙa'ida tamanin da bakwai da misali ɗari uku da goma daga littafin Kawu. Ta koyi kunyar gona da dami da mudu. Ranar da ta amsa tambayar farko da Hausa har tafi aka yi a ofis.

Bayan mako biyu sai ta fara shirme. Tambayoyin da a da take ci, yanzu sai ta faɗi, kuma da ƙarfin zuciyarta. Aka bi sawu aka ga daga ina ta kwaso, sai ga shi daga littafin Kawu ne. Mama, akwai misali ashirin da huɗu da amsarsu ba daidai ba ce. A wani wuri ya auna faɗin gona ya tara inda ya kamata ya ninka. Ita kuwa kwamfuta ba ta musu da littafi, abin da aka rubuta shi ne gaskiya a wurinta, ta haɗiye su duka. Ogana ya sa an fitar da littafin daga rumbun. A gaban kowa ya ce irin waɗannan malaman ƙauye su suka kashe yara da lissafi. Na shiga bayi na yi kukana na fito.

Ki gafarce ni da wannan tambaya. Ko Kawu ba shi da lafiya lokacin da ya rubuta shi? Ko wani ne ya buga masa ya ɓata? Ina so in sami abin da zan faɗa musu.

Keziah

*

Zuru, 6 ga Mayu, 2024

Keziah,

Lafiyata ƙalau. An yi ruwan farko shekaranjiya.

Takardunki biyu rana ɗaya suka zo, ta watan Maris da ta ƙarshen Afrilu. Lawwali ya tsaya a ƙofar gida yana murza hula, ya ce, "Mama, ki yi man haƙuri, takardag ga ta maƙale bayan takardun mota, wallahi sai yau nig gane ta." Na ce ba komai. Me zan ce masa? Wadda na aiko miki a Afrilu ba amsar komai ba ce, ban san kin yi tambaya ba.

Sojan da ke bango ba Gabriel ya zana ba. A Zuru wane yaro ne bai taɓa zana soja ba? Wani yaro ɗan ƙauyen Manga ne ya yi shi, ya sha bulala uku a kai.

Kawunki lafiyarsa lau ya rubuta littafinsa, kuma da hannunsa ya buga. Babi goma sha biyu ne, kowane babi ya haƙa rami biyu da gangan. Haka yake kiransu, ramuka. Yakan ce yaron da ya kwafe duk abin da malam ya rubuta bai koyi lissafi ba, kwafa ya koya. Sai ya rubuta misalin a allo har da kuskuren, ya juya yana kallon taga. Wani lokaci aji guda su faɗa ciki, ya bar su a ciki har mako. Duk shekara, wanda ya fara ɗaga hannu ya ce "Malam, nan ba daidai ba ne," sai ya kira shi gaban aji ya miƙa masa fensir, yaron ya rubuta sunansa da hannunsa a gefen shafin, kusa da ramin. Ba wanda ke ɗaukar fensirin da kansa, miƙa masa ake yi. Akwai manyan hafsoshi da likitoci a garin nan da in sun zo gaishe shi sai sun ce a buɗe musu su ga sunansu. Duk Zuru an san wannan, ban zaci akwai wanda zan yi wa bayani ba.

Ki faɗa wa oganki kwamfutarsa ta faɗa rami ashirin da huɗu, yaran ƙauyen Kanya masu zuwa ba takalmi sun fi ta.

Gabriel yana aji ɗaya ya kama nasa, shekarar 2001, a wurin lissafin 'yan golmo, samarin da ke noma gonar surukai kafin a ba su mata. Uban bai yi masa sauƙi don ɗansa ne ba. Ya dawo gida ranar ko abinci ya kasa ci.

Kin ce faɗin yatsa biyu. Na auna da nawa yatsun a kan Littafi Mai Tsarki. Ki duba shafin ki faɗa mini abin da ya rage.

Rachael

*

Zuru, 20 ga Yuni, 2024

Keziah,

Ina lafiya. An gama shuka, dawa ta fito.

Mako shida ke nan. Duk ranar da Lawwali ya shigo gari nakan je tasha, yanzu da ya hango ni sai ya girgiza kai tun daga nesa, in juyo.

Ba fushi nake yi ba. Na nemi fushin ma ban same shi ba. In babu, ki rubuta babu, kalma ɗaya ce. Na taɓa karɓar irinta daga bakin mutum biyu masu kaki, ban faɗi ba. Ran Lahadi ne kawai in na dawo sujada ban san inda zan sa hannuna ba.

Mamarki

*

Abuja, 1 ga Yuli, 2024

Mama,

Ban san da wane baki zan gaishe ki ba. Ina fata kina lafiya. Sau biyar ina fara wannan takarda ina yagawa.

Na duba shafin, na arba'in da ɗaya ne. Sunayen sauran yaran duk sun tafi da abin da aka datse. Yaya Gabriel da yake manyan haruffa ya yi, nasa ya shigo ciki, wuƙar ta bi ta tsakiyarsa. Haruffa uku suka rage a kan shafin. Da na koma cikin abin da kwamfuta ta tsinta, na tarar ta gan su, ta rasa wace ƙa'ida ce, ta jefa su cikin tarkacen da ba ta gane ba. Ni da ke da ido na ga sunayen tun farko, na ce masu aro ne. Laifin ba na Lawwali ba ne, ba na inji ba ne.

Na je wurin Malam Zakiyyu. Allah ya sa ba ya zubar da abin da ya datse, yana tarawa a buhu yana kai wa wani mai kiwon kaji ya shimfiɗa musu. Buhu biyu sun riga sun tafi. Na uku na samu, kuma shi kansa bai san ko namu yana ciki ba, don gefen littafi fiye da sittin ne a cakuɗe. Duk Asabar ina zazzage shi a tsakar ɗaki ina tonawa. Na sami guda goma sha ɗaya masu sunaye, ban sami nasa ba. Shi ya sa na yi shiru, ina cewa bari in samu tukuna.

Na karanta wa ogana takardarki, har da maganar yaran Kanya. Da na gama ya ce a maido da littafin. Yanzu an ware ramukan an yi musu alama, ana koya wa kwamfuta ta riƙa bin kowane misali tana gwadawa kafin ta yarda da shi. Ya ce bai taɓa samun abin koyar da ita musu da ya kai wannan ba, ya ce a sa sunan Kawu a rahoton. Na san wannan ba zai yi miki komai ba, na faɗa ne don ki sani.

Ga shafin nan a cikin ambulan. Ga buhun kuma, Lawwali ya ce ba zai karɓi ko sisi a kansa ba. Sauran shafukan da bangon zan kawo da kaina, in za ki yarda in shigo gidan.

Keziah

*

Zuru, 11 ga Agusta, 2024

'Yata Keziah,

Ina gaishe ki. Ina lafiya, ƙafar tana nan yadda take. Ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gida ta zube, 'yan majami'a sun zo sun tayar.

Buhu ya iso. Na shimfiɗa tabarma a rumfa, kullum in na gama karyawa sai in ɗebo a faifai in tsince. Ke ba ki saba ba ne, aikin tsinta na tsofaffi ne. Matan zumunta sun zo sun same ni a kai, suka kalli juna. Na ji ɗaya tana cewa abin ya fara taɓa ta. Na ba su ruwa.

Na sami sunaye da yawa. Na ga na Abel mai kemis, na ga na wata Bushira da ta rasu wajen haihuwa, na ga na ɗan Mangan da ya zana soja, ashe shi ma ya taɓa kama rami. Na zuba su a gwangwanin madara. Wasu kuwa suna ƙarƙashin kaji, sai haƙuri.

Rana ta goma sha tara na same shi. Ban ma karanta ba na gane, don yadda yake danna fensir kamar mai haƙa da fartanya, har ya fito ta baya. Na kawo shafin na haɗa. Ba su haɗu daidai ba, wuƙar ta ci kaɗan, amma sunan ya karantu. Na buɗe keken ɗinki, na ga allura za ta yaga takardar, sai na rufe na ɗinke da hannu, da farin zare, ƙanana-ƙanana. Na zauna ina jira in ji wani abu. Abin da na ji shi ne yunwa, na tashi na ɗumama tuwo.

Da na dawo, tun da shafin ne kaɗai a gabana babu sauran littafin, sai idona ya sauka kan lissafin. Shekara takwas ina buɗe wurin nan, gefe kawai nake kallo. Ga abin da kawunki ya rubuta: samari shida 'yan golmo sun nome gonar surukinsu a kwana goma, in samari goma sha biyu ne kwana nawa za su yi? Ya bi layi-layi da kyakkyawan rubutunsa, ya ce kwana ashirin.

Keziah, ni na dafa wa 'yan golmo tuwo a gidan ubana. Kawunki da abokansa na dafa wa, shekara bakwai. In suka zo da yawa tukunya ce ke ƙaruwa, kwana raguwa yake yi. Kwana biyar ne. Da babbar murya na faɗa, ni kaɗai a rumfa, na ce, "Malam, nan ba daidai ba ne." Sai ga hawaye, ban san daga ina ba. Tun ranar da masu kaki suka zo ban yi ba, ko a jana'izar kawunki. Na yi har akuya ta zo ta tsaya tana kallona.

A ƙasan sunayen akwai ɗan wuri da ya rage, zai ɗauki suna ɗaya in an matse. Fensirin kawunki yana nan cikin kofi a kan tebur, na fere shi. Na kai hannu sau biyu na fasa, don ba haka ake yi ba.

Kin tambaya ko za ki shigo gidan. Gidan kawunki ne, wa zai hana ki? Ki zo da Kirsimeti, ki taho da sauran shafukan. Kada ki tambayi kwamfutarku, ke nake so ki zauna ki duba lissafin nan da idonki. In kwana biyar ɗin daidai ne, ke za ki miƙo mini fensirin.

Mamarki,
Rachael Sila